Na kai Ralin mahaifina rumfar wani tsoho mai gyaran keke, ga yadda munka kwashe

Salamu alaikum jama'a. Masu tambayata ina na gyara tsohon keken nan da nike zuwa lakwal, makarantar da nike koyarwa, da shi yanzu, to yau dai na samu sarari bari in ba ku labari gaba ɗaya, mai daɗin da marar daɗin, don kar gobe wani ya tahi ya dawo ya ce mushe, watau ni malamin lakwal, ya yaudare shi.

Asalin abin wahalar isansin nan ce, watau man fetur, da anka yi nan Nijar watan Maris na 2025, wadda ta haɗe da azumi, mutum da ƙishirwa da rana shina tura moto, watau babur, daga wannan gidan mai zuwa wancan, na kwalba kuma da muke dogara da shi ya yi tsadar da ba a magana, kabu-kabu sun ninka kuɗɗi. Ni daga unguwar Zariya ta nan Maraɗi nike tasowa kullum da safe. Rannan na shiga ɗakin tarkace neman wani abu daban sai ga keken mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, jingine bayan buhunan dussa, kaji sun maishe shi wurin kwana. Rali ne baƙi, mai birkin sanda, da kan zalɓen nan a goshi har yanzu ana ganin shi in ka goge. Da kuɗɗin gujjiya ya saye shi, wajen Kano anka kawo mishi, kuma muna yara ko taɓa ƙararrawar ba mu isa mu yi ba.

Farko na yi kuskure. Na tura shi wurin wasu samari masu gyaran moto nan bakin titi, ba zan faɗi wurin ba. Yaron ya dube shi ya yi dariya ya ce mushe wannan ai sai gidan tarihi, sannan ya ɗauko guduma ya hau dukan ƴar kusar nan da ke riƙe hannun feda har kanta ya baje kamar an taka tumatir, ya sa min sabuwar robar ciki ya amshi jika 2, watau sefa 2000. Ban kai gida ba ta sace. Na koma ya ce ƙaya ce. Wace ƙaya a kan kwalta? Na dai haƙura don azumi nike.

Wani abokin aikina ne ya ce in nemi wani dattijo can gefen babbar kasuwa, ta wajen masu tsohon ƙarfe, ba shi da allo ba shi da suna rubuce, kowa Baba yake ce mishi. Rumfa ce ta buhu da kwano biyu ƙarƙashin bedi, tsofaffin tayoyi rataye a reshe kamar kilishi, ga benci guda da ƙafarshi ɗaya bulo ne, ga rabin jarka cike da ruwan da ya koma kalar shayi, ga gwangwanayen madara jere kowane da abin da ke ciki, wannan boris, wannan noti, wancan ƴan wayoyin ƙafa. Na yi sallama na gaishe shi, bai ko dube ni sosai ba keken ya duba, ya shafa sirdin ya ce "wannan na Ingila ne, wa ya yi mishi wannan aika-aika a feda?" Na ce Baba yara ne. Ya ce "ba yara ba ne, guduma ce."

Abin da ya fara burge ni shi ne maganar sacewar. Ya cire robar cikin ya hura ya tsoma a ruwa yana juyawa a hankali, ba kumfa ko ɗaya. Sai ya tofa ɗan miyau a yatsa ya shafa a bakin bawul, nan take kumfa ta taso. Ya kwance bawul ɗin ya zaro wani ɗan ƙarfe kamar tsinken ashana, a jikinshi akwai ƴar roba siririya da ta tsage, ya ce ga ɓarawonka. Ya jawo wata doguwar roba kamar taliya daga aljihu ya yanka ɗan guntu da reza, ya jiƙa da baki ya zura, ya maida, ya buga famfo. Shi ke nan. Dala 10, watau sefa 50. Watau robar cikin da yaron can ya cire ya jefar wataƙila lafiyarta lau, tsohon cikin bawul ɗin ya maido a sabuwar don nata bai zauna ba.

Ni kuma kun san halina, ina zaune kan bencin nan na shiga tonon asalin ɗan abin nan, kuma tun daga ranar duk zuwan da na yi sai na tahi da wani labari. Irin wannan bawul ɗin mai ƴar roba wani Bature ne mai suna Woods ya ƙirƙiro shi a 1891, kamfanin Dunlop ya ɗauka, shi ya sa wasu ke ce mishi bawul ɗin Dunlop. Wanda ke jikin moto da mota kuwa, mai ɗan tsinke a tsakiya da yara ke dannawa su sace maka iska, na gidan Schrader ne a New York, Bajamushe ne da ya yi ƙaura can, an yi mishi rajista a 1893. Ka duba hwa, sama da shekara 130 kuma ba a canza su ba, famfon da ke hannun Baba zai hura keken wancan zamani ba tare da wata dabara ba.

Da na ce mishi Dunlop sunan mutum ne sai ya ajiye sufana. Shi a saninshi danlof sunan taya ne kawai, kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki omo. Na ce Baba likitan dabbobi ne ma, John Boyd Dunlop, mutumin Sikotilan da ke zaune a Belfast. Ɗanshi ke da ɗan keke mai ƙafa uku, lokacin tayoyi roba ce dunƙulalliya ba iska, titi kuma duwatsu, yaro na shan jijjiga, sai uban ya naɗa bututun roba ya hura ya ɗaure a ƙafar da ƙyalle. Ya samu takardar mallakar ƙirƙirar a 1888. A 1889 wani mai tsere Willie Hume ya hau irin tayar a Belfast ya cinye tseren, mutanen da sunka zo yi mishi dariya sunka koma tambayar inda ake saidawa. Abin dariyar, ba a jima ba anka gano ashe wani ɗan ƙasarsu Robert William Thomson ya riga shi tun 1845, ya yi ta don keken doki amma ba ta karɓu ba anka manta, sai takardar Dunlop ta faɗi. Baba ya ce "to ai ko nan haka ne, wani ya yi shuka wani ya yi girbi." Amma abin da ya fi tsaya mishi a rai likitan dabbobin ne, ya maimaita ya fi sau uku, har ya kira maƙwabcinshi mai walda ya faɗa mishi wai mai yi wa awaki allura ne ya yi taya.

Wanda ya shafi sana'arshi kai tsaye kuwa na Faransa ne. Tayar Dunlop ta farko manne take da ƙafar keken da gam, in ta fashe ka shiga uku. Ƴan uwa biyu, Édouard da André Michelin, suna da masana'antar roba a Clermont-Ferrand, wani mai keke ya zo musu da irin wagga taya ta fashe, gyaran ya ci sama da awa 3 sannan anka bar ta ta kwana tana bushewa. Daga nan sunka duƙufa sai da sunka fito da tayar da ake cirewa a maida, a 1891, kuma a shekarar Charles Terront ya ci tseren Paris zuwa Brest da dawowa a kanta, kusan kilomita 1200 cikin awa 71 da ƴan mintoci. Irin wagga taya da ake cirewa ce ta ba mai kolaji sana'a, ko mai faci kamar yadda ƴan uwanmu na Katsina ke cewa. Na ƙirga wa Baba da agogon waya rannan da wani mai kai zogale daga Jiratawa ya tsaya da ƙayar aduwa a tayar baya: cirewa, tsomawa a ruwa, kankarewa da guntun zarto, shafa sholisho, ya hura mishi baki ya jira ya sha iska, manna faci, ya ɗora kan ƙarfe ya bubbuga, maidawa, famfo, minti 9. Kuma bai cire ƙafar daga jikin keken ba. Sannan kafin ya maida sai da ya zagaya cikin tayar da yatsa ya zaro sauran ƙayar ya miƙa wa mai keken a tafin hannu, wanda yawancin yaran yanzu ba su yi, shi ya sa kake komawa wurinsu sau biyu a rana ɗaya.

Babban aikin dai ƙafar baya ce, ta karkace tana rawa kamar bugagge, wayoyi 5 sun tsinke. Na ɗauka zai ce a sayi sabuwa. Ya kifa keken kan sirdi, ya samu guntun alli ya riƙe daf da rim ya juya ƙafar, duk inda ta karkato alli ya taɓa ya bar farin tabo. Sai ya bi tabon da wani ɗan makulli da ya yanka da kanshi daga tsohon ƙarfe, ya ɗaure wayar wancan gefe kwata, ya sassauta ta wannan gefe kwata, ya goge allin da babban yatsa ya sake juyawa. Wani lokaci ya fizgi waya da farce ya kara kunne kamar mai gyaran gurmi, wadda ta yi ƙara ƙasa-ƙasa ya ƙara mata. Ya fi awa guda a haka ba ya magana, ni ma na yi shiru, har allin ya zagaye rim ɗin da layi ɗaya ba yankewa. Wallahi na biya kuɗɗin kallo ma bai ɓaci ba.

A nan ne na kawo mishi zancen keke da keke. Mu Hausawa na hawa keke, na ɗinki keke, kuma na daɗe ina ɗauka don dai duka suna da ƙafa mai juyawa ne. Ashe a Ingila ma gida ɗaya sunka fito. A garin Coventry akwai kamfanin keken ɗinki da James Starley ke aiki, a 1868 anka kawo musu wani keken hawa na Faransa mai ƙafar katako, sunka shiga ƙera irinshi. Starley ɗin nan yana cikin waɗanda sunka fito da irin dogon keken nan da kuke gani a tsofaffin hotuna, ƙafar gaba ƙatuwa ta kai kafaɗar mutum ta baya ƴar mitsitsiya. Ba don ado sunka yi haka ba, fedar a jikin ƙafar gaba take ba sarƙa, juyi ɗaya na feda juyi ɗaya na ƙafa, to in kana son gudu sai dai ka ƙara girman ƙafa. In kuwa ka ci karo da dutse ta ka za ka sauko. Ka ƙaddara irin wannan a yashin hanyar Tibiri da buhun hatsi a baya.

Ɗan ɗan'uwanshi ne, John Kemp Starley, ya raba gardama a 1885 da keken da ya kira Rover: ƙafafu biyu kusan kai ɗaya, mahayi a tsakiya ƙafarshi na iya taɓa ƙasa, sarƙa na jan ƙafar baya, faranti babba a gaba ƙarami a baya don juyi ɗaya ya ba ka fiye da ɗaya. In ka ajiye hotonshi gefen Ralin mahaifina sai ka ce wa da ƙane. Sarƙar ma ba ta daɗe da samuwa ba lokacin, Hans Renold, mutumin Suwizalan da ke Manchester, shi ya gyara ta ta zama irin wadda muka sani a 1880, ita ce dai a moto har yau. Kamfanin Rover ɗin nan shi ya zo ya koma ƙera mota, Land Rover jikanyar keke ce. Pijo ma haka, sun yi keke tun 1882 kafin su taɓa mota. A ƙasar Folan har gobe sunan keke rower, kamar yadda tsofaffinmu kowane baƙin keke Rali ne a wurinsu. Shi kuma Rali sunan titi ne kawai a Nottingham inda ƴar rumfar masu ƙera shi take, wani Frank Bowden da rashin lafiya ta sa likita ya ce ya dinga hawan keke ya ji daɗin nasu ya zuba kuɗɗi a ciki, wajen 1888 kamfanin ya tsaya da ƙafarshi. Baba ya ce ashe su ma daga rumfa sunka fara, ya ɗaga kai ya dubi buhun da ke samanmu, bai ƙara komi ba.

Wani abu guda da ban gaya mishi ba don kar in ɓata hira, robar da duniya ta rinƙa wawaso bayan tayar iska ta karɓu, da yawa daga Kwango anka tatso ta zamanin sarki Leopold na biyu na Beljiyam, da bulala da yanke hannuwan mutanen da ba su cika awo ba. Ina tuna wannan wani lokaci in na ga ƴar robar bawul ɗin nan.

To mu dawo kan kuɗɗi don na san shi kuke jira. Gyaran ƙafar baya da wayoyi 5, jika 1 da rabi. Boris na gaba da na baya da na tsakiya, ya wanke da kananzir ya ƙirga su ɗaya-ɗaya a murfin gwangwani ya canza waɗanda sunka ci ya cika da giris, jika 1. Kusar fedar da yaro ya lalata sai da anka huda ta wurin mai walda, ya sa wata ya goge ta da zarto har ta zauna daidai, dala 100. Robar birki huɗu dala 120. Sarƙa ya ce kar in saya, ta asali ce ta fi sababbin kasuwa, ya jiƙa ta kwana biyu a baƙin mai ta warware. Tayoyi biyu ni na sayo da kaina cikin kasuwa bisa kwatancenshi, ya ce in lanƙwasa gefen in ga ko zare ya bayyana, in kuma shinshina, wadda ke warin ƙonannen leda in bar ta. Kolaji dala 20 ne ƙaya ɗaya, in ƙayoyin sun yi yawa yana yi maka ragi. Bai taɓa ce min kawo kuɗɗin kaya ya je ya sayo ya ɗora nashi a kai ba, kuma duk abin da ya cire sai ya zuba maka a leda ka tahi da shi.

Yanzu marar daɗin, don akwai shi. Baba ba ya da lokaci. Ya ce min jibi, jibin nan ta zama kwana 11. Ba ya da waya, ko in ce yana da ita amma tana gida wurin jikanshi, sai ka taka ka je ka tarar da rumfa a buɗe ba kowa, mai walda ya ce ya tahi jana'iza, gobe ya tahi suna Madarunfa, jibi ya je sallar azahar hira ta riƙe shi har la'asar. Ranar Litinin da Juma'a kuwa kar ma ka soma, ranakun kasuwa ne mutanen ƙauye sun cika wurin kuma su yake fara sallama, ya ce su da nisa za su koma kai kana gari. Gaskiyarshi ce amma in kai ne ke tsaye da rana ba za ka ji daɗinta ba. Sannan ba a yi mishi gardama. Na ce ina son a yi wa keken sabon fenti ya ce a'a, na ce Baba ai nawa ne, ya ce na mahaifinka ne. Na so in sa sirdi mai soso don na fatar ya bushe kamar ƙirgi, ya ce in shafa mishi man shanu in ba shi wata guda. Na shafa, ya yi laushi kam, amma sati biyu tururuwa na bina har cikin aji.

Kuma in kekenka irin na yanzu ne mai giya da yawa da birkin waya, irin waɗanda ake kawowa na hannu, gaskiya ba wurinshi ba ne. Zai karɓa amma yana yi yana tsaki, na ga ya kwance na wani ɗan makaranta giyar ta koma ba ta shiga sai biyu, ya ce wa yaron biyun ma sun ishe shi. Ga wurin zama babu kirki, mata in sun kawo keken yara tsaye suke yi daga gefe, canji kuma kullum babu, ka tanadi ƴan silallanka.

Keken dai yau wata na bakwai ke nan ina hawa, kolaji biyu kawai na yi duka kuma tsidau ne na bayan lakwal. Ba ya ƙara ko kaɗan sai ɗan tsit-tsit ɗin nan na ƙafar baya in ka daina taka feda. Nauyi ne da shi kamar jaki, hawan tudun nan in ka taso daga wajen gulbi sai na sauka na tura, ɗalibai na yi min dariya suna mushe ya dawo zamanin da, amma ranar da na ɗauko buhun masara a kariya ko gezau bai yi ba. Moto na nan, sai in za ni nesa.

Wanda ke da tsohon Rali ko Phoenix ko wani baƙin keke a ɗakin tarkace, ya kai mishi, ya tahi ranar Talata ko Laraba da hantsi, kar ya biya duka sai an gama, kuma ya cire duk abin da yake so a jiki kafin ya bari. Don ƙararrawar nan da ba mu isa mu taɓa ba muna yara, ranar da na zo ɗaukar keke babu ita. Na ce Baba ina ƙararrawa? Ya ce tana nan, maɓallinta ya gaji ya cire zai gyara. Na koma sau huɗu. Zuwan ƙarshe ina zaune sai ga wani tsoho abokinshi mai tallan goro ya iso kan kekenshi yana kaɗa ta, na san muryarta ko cikin barci. Baba ko kunya, ya ce gwaji yake mata, in dawo Laraba.